Wa Ya Tsara Rawar In Dahomey?

Ranar 23 ga Yuni, 1903, aka kafa dandamali a lambun fadar Buckingham da ke Landan. Jikan Sarki Edward na Bakwai ne ya cika shekara tara, aka kira wata tawagar Baƙaƙen fata 'yan Amurka su zo su yi masa wasa. Wasan nasu, In Dahomey, ya fi wata guda ke nan yana tara jama'a a gidan wasa na Shaftesbury. Masu rubuta tarihin dandalin Amurka ba sa tsallake wannan rana, kuma sunayen da suke jerawa sanannu ne: Bert Williams da George Walker, 'yan barkwancin da tawagar ke amsa sunansu, sai Will Marion Cook da ya yi kiɗa, Jesse Shipp da ya rubuta labari, Paul Laurence Dunbar da ya rubuta baitoci. Mutanen Landan kuwa abin da ya fi tafiya da hankalinsu rawa ce, wadda ake kira cakewalk. Wadda ta tsara raye-rayen wasan, ta kuma taka su da ƙafarta, mace ce 'yar shekara 23 mai suna Aida Overton Walker. Sau da yawa in an zo kanta sai a ce matar George Walker, a wuce.

A zamaninta an san ta sarai. Jaridu suna kiran ta sarauniyar cakewalk, hotonta yana kan takardun waƙa da ake sayarwa a kanti. Abin da ya biyo bayan mutuwarta shi ne ya dame ni. Kiɗan Cook yana nan a rubuce, duk mai iya karanta alamomin kiɗa zai tashe shi yau in ya ga dama. Baitocin Dunbar suna cikin littafi. Muryar Williams da ta Walker suna cikin faifan garmaho tun 1901. Ita kuwa a jikin mutane ta rubuta nata aikin, da jikin ya kwanta dama aikin ya bi shi. Wani zai ce ai haka rawa take, ƙaddararta ke nan. Ni ina ganin akwai raini a ciki, irin wanda ake yi wa duk aikin da aka yi da ƙafa da kwankwaso, balle in na mace ne, doka da al'ada kuma suka taru suka ɗaure wa rainin gindi. Mai tsara rawa mawallafi ne kamar mai tsara baiti. Sunansa a layi ɗaya da nasu ya kamata ya zauna, a kuma biya shi yadda ake biyan su.

An haife ta a 1880, ta tashi a New York. Tana da shekara 15 ta shiga cikin 'yan amshi a tawagar Octoroons ta John Isham, daga can ta koma Black Patti Troubadours, tawagar da aka gina a kan muryar mawaƙiya Sissieretta Jones. A 1899 ta auri George Walker. Cikin shekara goma da suka biyo baya kamfanin Williams da Walker ya fitar da manyan wasanninsa: Sons of Ham a 1900, In Dahomey a 1903, Abyssinia a 1906, Bandanna Land a 1908. Ita ce babbar jarumarsu, ita ce mai tsara musu rawa. In Dahomey, da aka buɗe ranar 18 ga Fabrairu, 1903, shi ne cikakken wasan kiɗa da rawa na farko da Baƙaƙen fata suka rubuta suka kuma taka a babban gidan wasa na Broadway, unguwar manyan gidajen wasa ta New York. A cikinsa ta fito a matsayin Rosetta Lightfoot, yarinyar da ba ta da wani buri sai na zama 'yar wasa.

Sai ka san asalin rawar nan kafin ka gane nauyin abin da ta yi. A gandayen kudancin Amurka ta tsiro, zamanin bauta. Bayi suna kallon iyayengijinsu in ana shagali a babban gida, yadda ake tafiya ana ɗaga hanci, ana rusuna wa juna. Sai su koma wajen bukkokinsu su kwaikwaya, su ƙara gishiri. Namiji ya turo ƙirji, ya karkata baya kamar zai faɗi, ya ɗaga gwiwa sama, ya miƙe ƙafa ya dire ta a hankali. Mace tana gefensa riƙe da bakin riga, tana rangaji, fuska a ɗaure kamar gimbiya. Bibbiyu ake jerawa a zagaya fili, waɗanda suka fi iya taku a ba su kek, daga nan sunan ya fito, wato takun cin kek. Habaici ne da ƙafa. Iyayengijin kan zo kallo, wani lokaci ma su ke ba da kek ɗin, ko dai ba su gane da su ake ba, ko sun gane sun share. Daga baya Turawa masu shafa baƙi a fuska suka kwashi rawar suka kai ta dandali, da doguwar hula da sanda, don su yi wa Baƙin mutum ba'a. Aka wayi gari ana kwaikwayon mai kwaikwayo.

A haka Aida ta tarar da ita, an mai da ta wasan wawa. Ta rage tsalle-tsallen da wage baki, ta sa natsuwa, ta mai da hankali kan yadda ake riƙe kafaɗa da yadda ake sauke ƙafa. Sannan ba ita kaɗai za ta taka ba. Dandamali cike yake da mutane, sai an san wa zai shigo ta dama, wa zai biyo ta hagu, a wane bugun kiɗa layi biyu za su haɗu su rabu, a ina za a buɗe fili babban ɗan wasa ya ratsa ta tsakiya.

Ƙaramin samfurin wannan aiki na gan shi da idona a bikin 'yar baffana. Ƙawayen amarya takwas ne za su shigo da ita wurin dina da rawa. Wata yarinya cikin dangi, wadda ba ta ma cikin masu anko, ita ta ɗauki mako uku tana tara su a tsakar gida bayan la'asar. Waya tana kan kifaffen turmi tana kiɗa, ita tana ƙirga musu "ɗaya, biyu, juya", ta gyara wa wannan hannu, ta mayar da doguwar cikinsu baya don kada ta tare gajerun, ta sauya taku ɗaya sau uku saboda wata ta kasa kama shi. Ranar biki aka yi ta ruwan liƙi. Mai riƙe da makirufo ya kira sunan mawaƙi, ya kira mai kwalliya, ya kira telan da ya ɗinka anko, har mai kek sai da aka yaba mata. Yarinyar tana can bakin ƙofa riƙe da takalman da amarya za ta sauya. Da na yi ƙorafi washegari, gwaggona ta dube ni ta ce, "Kai ɗan nan, rawa ce fa. Har wani aiki ne?"

Abin da gwaggo ta faɗa a tsakar gida, wani alƙali ya riga ta faɗa a kotu. A 1892 wata 'yar rawa, Loie Fuller, ta kai ƙarar wata da ta kwafi rawarta ta kaɗa yalwataccen tufafi cikin hasken fitilu. Kotun tarayya a New York ta ƙi ba ta gaskiya. Hujjar alƙalin ita ce rawar ba ta ba da labari, ba ta siffanta wani mutum, ba ta nuna wani yanayi na zuciya, saboda haka ba ta cikin abin da dokar haƙƙin mallaka ke karewa. Wannan fa Baturiya ce aka yi wa haka. Sai a 1952 wata mai tsara rawa, Hanya Holm, ta samu ta yi wa tsarin rawarta rajista, bayan an rubuta shi a takarda da alamomin Laban na rubuta motsin jiki, kuma sai dokar 1976 ce ta ambaci tsarin rawa da sunansa. Ke nan duk tsawon rayuwar Aida, wanda ya sayi tikiti ya zauna a kujerar gaba ya haddace takunta yana iya kai shi wani gari ya ci kasuwarsa, ba ta da bakin magana.

Abin da ya rage mata ta sayar shi ne koyarwa. Matan attajiran New York suka riƙa gayyatar ta gidajensu ta koya musu takun kek, a Landan ma matan manyan gida suka neme ta. Akwai masu ganin baƙinta a nan. Suna cewa ta ɗauki habaicin kakanninta ta wanke shi tas, ta goge shi, ta miƙa wa irin mutanen da ake yi wa habaicin. Na gane zargin, sai dai ban karɓe shi ba. Rawar ta fita hannu tun kafin a haife ta, ko ta koyar ko ba ta koyar ba Turawa suna taka abinsu. Ita dai ta tsaya a bakin ƙofa ne ta ce in za a koya, to a koya a wurin mai abu, a kuma biya. Ku dubi waɗanda suka biyo sawunta. Vernon da Irene Castle, miji da mata fararen fata, su suka zama sarakunan rawar zamani a New York wajen 1913 da 1914. Makaɗansu Baƙaƙe ne a ƙarƙashin James Reese Europe, kuma da yawa cikin takun da suke sayarwa daga wuraren rawar Baƙaƙe aka tsinto shi aka yi masa kwaskwarima. Suka buɗe makaranta, suka buga littafin koyar da rawa a 1914, a 1939 aka yi fim a kan rayuwarsu, Fred Astaire da Ginger Rogers suka fito a matsayinsu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Hujjar da ta fi ƙarfi a kan ra'ayina ita ce rawa ta jama'a ce, Aida ba ita ta ƙirƙiro takun kek ba, in aka fara raba wa rawa masu ita an kashe ta. Akwai gaskiya a ciki. Ba wanda zai bugi ƙirji ya ce shi ya ƙago ɗaga gwiwa. Amma kalmomin harshe ma na kowa ne, karin waƙa ma haka, ba mu kuwa taɓa jin an ce waƙar wane ba tasa ba ce don ya yi ta da kalmomin da kakarsa ta sani. Taku na kowa ne, jerawar ta wanda ya jera ce. Dokar Amurka ta yanzu ma haka ta raba abin: ba ta kare ɗan gajeren taku ko rawar da kowa ke yi a wurin biki, tsararren aiki take karewa. Ni ba kotu ce ma ta fi damuna ba, suna nake nema. Faɗin suna bai hana kowa taka rawa, kuma da shi mai aiki ke samun aiki na gaba. A 2019 wata Baƙar yarinya 'yar shekara 14 daga yankin Atlanta ta tsara wata rawa ta sa a intanet. Rawar ta karaɗe TikTok, manyan taurarin dandalin suka ƙara suna da ita, ita kuwa tana bin su a ƙarƙashin bidiyo tana cewa tata ce, ba mai saurare. Sai da jaridar New York Times ta yi labarinta a Fabrairun 2020 aka waiwaye ta. A Yunin 2021 Baƙaƙen masu tsara rawa a TikTok har yajin aiki suka yi, suka ƙi tsara wa wata sabuwar waƙa rawa, don a ga abin da zai faru in sun naɗe hannu.

Akwai wani zargin da ya fi wannan ɗaci, kuma ba zan kewaye shi ba. Dandalin da Aida ta yi aiki a kai ba mai tsabta ba ne. Bert Williams, Baƙin mutum haifaffen Bahamas, sai ya ƙara shafe fuskarsa baƙi ƙirin kafin ya fito, domin haka 'yan kallo suka saba ganin Baƙi a dandali. Afirkar da ke cikin In Dahomey ta mafarki ce. Labarin wasu 'yan damfara biyu ne da wata ƙungiya mai son kwashe Baƙaƙen Amurka ta kai su Dahomey, ƙasar da yau ake kira Jamhuriyar Benin, wadda Faransa ta gama murƙushe sarkinta Behanzin a 1894. A wannan shekarar ce ma aka ɗauki Williams da Walker haya a wani baje koli a San Francisco, suka yi shigar mutanen Dahomey, saboda na ainihin da ake jira sun makara a hanya. Ba na iya karanta labarin shagalin lambun Buckingham ban tuna cewa a watan da aka buɗe wasan a New York rundunar Sarki Edward ta shiga Kano, a Maris ta shiga Sakkwato, wata guda bayan an watse daga lambun kuma aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi.

To amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ita da bakinta ta faɗa wa 'yan jarida irin taka-tsantsan da suke yi: duk abin da za su rubuta ko su rera sai sun auna shi, don ɗan abu kaɗan ke ɓata wa farar fata rai. Ta ce a shekara goma na wasannin kamfanin ba a taɓa sa labarin soyayya ba, domin 'yan kallo ba za su lamunci ganin Baƙaƙe biyu suna son juna da gaske ba. Inda aka ɗaure baki haka, abin da za ka iya faɗa sai ka faɗe shi da jiki. Ta ƙi fitowa a matsayin ƙatuwar baiwar nan mai ɗaurin kallabi da washe haƙora da aka saba ba mata irinta. Cikin ado take fitowa, 'yan matan da ke bayanta su ma cikin ado, kowace ta san inda za ta sa ƙafa. Wanda ya biya kuɗi don ya yi dariya ya samu dariyarsa a wurin Williams, amma dole ya zauna ya kalli gwaninta a wurinta.

Akwai inda na rabu da ita. A 1905 ta rubuta maƙala a mujallar Colored American tana mayar da martani ga 'yan bokon cikin Baƙaƙe, masu ganin 'yar mutunci ba ta hawa dandali. Ta ce sana'arsu ta fi kowace sana'ar Baƙaƙe rage ƙyamar launin fata, domin fararen fatar da ɗan wasa ke haɗuwa da su a mako guda sun fi waɗanda sauran masu sana'a ke gani a shekara. A nan ta yi wa 'yan kallonta kyakkyawan zato fiye da kima. A Agustan 1900, da tarzomar launin fata ta ɓarke a New York, gungun fararen fata sun bi titi suna kiran sunayen 'yan wasan da suka sani, har da Williams da Walker. Mijinta da ƙyar ya sha. Masu tafa maka da dare suna iya farautar ka wani daren, sanin sunanka ma shi zai sauƙaƙa musu. Amma rabin maganar da ta fuskanci mutanenta da ita, wannan kam ta yi daidai. Ta ce musu wasa sana'a ce mai neman karatu da horo, wanda yake da baiwar ya koye ta da kyau maimakon a ɓoye shi don kunya.

Abin da ya fi tsaya mini a rai cikin labarinta ya faru ne ana tsakiyar Bandanna Land. George Walker gwanin ado ne da taƙama a dandali, takunsa kaɗai mutane ke biya su gani. Sai ciwo ya kama shi, ya fara in'ina, yana manta abin da zai faɗa a gaban jama'a, a farkon 1909 ya sauka bai sake hawa ba. Wasa kuwa ba ya jira, ga mutane da yawa da abincinsu ke rataye da shi. Aida ta sa kayan mijinta, ta fito ta rera waƙarsa, ta taka takunsa. Ana iya karanta wannan a matsayin labarin mace mai riƙon amana, haka ne kuma. Ni abin da nake gani a ciki shi ne idon ma'aikaciya. Ba ka iya ɗaukar tafiyar wani ka sa a jikinka, har 'yan kallon da suka san shi su karɓa, sai ka san yadda aka ƙera ta: inda nauyi ke sauka, lokacin da kafaɗa ke juyawa, ɗan jinkirin da ke zuwa kafin a dire ƙafa. Shekara goma tana nazarin wannan tafiyar daga gefen dandamali.

Kamfanin ya watse. Williams ya koma Ziegfeld Follies, wani babban wasan Broadway, a 1910, Walker ya rasu a Janairun 1911. Ita ta ci gaba, ta yi The Red Moon da Cole da Johnson, wasu Baƙaƙen 'yan wasa biyu, ta yi His Honor the Barber da tawagar Smart Set. Ta kuma shiga inda ba a zaci Baƙar mace za ta shiga ba. A shekarun nan New York ta haukace da rawar Salome, yarinyar da a labarin da Kiristoci ke kawowa ta yi rawa a gaban sarki ta nemi kan Annabi Yahaya, alaihis salam. Fararen mata suna yin ta da tsiraici. Aida ta yi tata a 1908, ta sake yi a 1912 a gidan wasan Victoria na Hammerstein, da sutura, ta jingina abin a kan iya wasa maimakon nuna jiki. Ta san abin da ake jira a gani a jikin mace irinta, ta hana.

A shekarunta na ƙarshe ta fi ba da ƙarfi wajen 'yan baya. Ta haɗa tawagogin 'yan mata irin su Porto Rico Girls da Happy Girls, tana tsara musu rawa, tana fitar da su. Tana kuma shirya wasanni don tara wa White Rose kuɗi, gidan da ke karɓar Baƙaƙen 'yan matan da ke tahowa New York neman aiki don kada su faɗa hannun 'yan ci da gumi.

A 1914 ta taka rawar tango a zauren Manhattan Casino, nan ne aka yi mata ganin ƙarshe a dandali. Ciwon ƙoda ya ɗauke ta ranar 11 ga Oktoba, tana da shekara 34. A zamaninta, in an ga dama a ambaci mai irin aikinta, a ƙasan takardar shirin wasa ake sa ɗan layi cewa wane ne ya shirya raye-raye. Masu tarihin Broadway sun fi ƙirga ranar da aikin ya samu cikakken sunansa, choreography, wato tsara rawa, a takardar daga 1936, a wasan On Your Toes, shekara 22 bayan an binne ta. George Balanchine, mai tsara rawa haifaffen Rasha, shi ya nemi a rubuta masa haka, aka kuwa rubuta.